An ga "giranuloma" a hantar yayana, me ya sa likita bai fara magani ba?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yayana ɗan shekara 38 ya yi wata huɗu yana fama da kasala da ƙaiƙayin jiki, ga rama. Gwajin ciwon hanta na B da C bai nuna komai ba, amma ALP ɗinsa, wani sinadari da ake aunawa a jini don duba hanta, ya hau sosai. An tsakuri ɗan naman hantarsa an auna, aka ce an ga giranuloma, wai ƙila sakoyidosis ne. Har yanzu likitansa sai ƙarin gwaje-gwaje yake rubutawa. Wannan jan ƙafa ne ko kuwa?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. A ganina likitan nan ya san abin da yake yi.

Giranuloma ɗan curi ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke yi idan sun taru wuri guda, sai da madubin likita ake ganinsa. A sakoyidosis jiki yana yin waɗannan curarraki ba tare da an san abin da ya tsokane shi ba. Huhu ya fi shafa, kusan mutum 9 cikin 10, amma hanta ma tana cikin wuraren da yake yawan zuwa. Akasarin waɗanda ya taɓa wa hanta ba sa jin komai, sai an yi gwajin jini a ga ALP da GGT sun tashi, alhali ALT da AST ba su yi nisa ba (duk sinadarai ne da ake aunawa don duba lafiyar hanta). Kaɗan ne ke samun ƙaiƙayi, shawara, zazzaɓi, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama ko kumburin saifa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, babu gwaji ɗaya da zai ce "ga shi nan". Ana auna wani sinadari mai suna ACE a jini, wanda yakan hau a sakoyidosis, to amma yakan hau a wasu cututtukan, kuma masu sakoyidosis da yawa nasu daidai yake. Shi kansa giranuloma ba sakoyidosis kaɗai ke kawo shi ba. Dole sai an kore sauran tukuna, kuma a ƙasarmu na farko a layi shi ne tarin fuka, wato tibi. Tibi yana shiga hanta, yana kawo rama da zazzaɓi da gumin dare, har hoton ƙirji ma yakan yi kama da na sakoyidosis. Curin tibi yawanci tsakiyarsa a mace take, ta dagargaje kamar awara, na sakoyidosis kuwa ba haka yake ba. Sai dai allura ɗan mitsitsin nama take ɗaukowa, tana iya kuskure wurin. Shi ya sa ake ƙarawa da GeneXpert, gwajin gano tibi, da shukar ƙwayar cuta, wato renonta a ɗakin gwaji.

Bayan tibi akwai tsagiya mai zuba ƙwai a hanta, musamman ga wanda ya taso yana wanka a rafi ko aikin fadama. Akwai cutar ƙananan hanyoyin madaciya da ake nema da gwajin jini mai suna AMA, akwai kansar kaluluwa, akwai HIV, ga magunguna irin su allopurinol da carbamazepine. Ki kai wa likita duk abin da yayanki ke sha, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, don mutanenmu sukan ɓoye wannan.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan shi ne prednisolone, maganin da aka fi bayarwa ga sakoyidosis. Yana danne garkuwar jiki. Idan tibi ne aka ba shi, zai ɗan ji sauƙi na 'yan makonni, sannan cutar ta bazu a jiki. Don Allah kada wani ya sayo masa shi a kemis.

Ku sa ran hoton ƙirji ko siti-sikan don duba kaluluwar da ke tsakanin huhu, gwajin sinadarin kalsiyam, duba ido, da awon bugun zuciya, domin sakoyidosis yakan laɓe a waɗannan wurare. Idan ya tabbata, ba kowa ake bai wa magani ba, amma mai ƙaiƙayi irin yayanki akan fara masa da wani magani mai suna ursodeoxycholic acid, a riƙa bibiyar hantar saboda kaɗan daga cikin masu ciwon takan ƙanƙance musu. In kuka ga aman jini, baƙin bayan gida ko kumburin ciki, kada ku jira ranar ganin likita, ku wuce asibiti a ranar.