Muryar yarona ta dishe, malamin waƙarsu ya ce buɗewa take yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a unguwar Zango, nan Damagaram. Yaron wajena mai shekara 13 ya shiga wata ƙungiya da ke koya wa yara kiɗa da waƙa kyauta. Shugabansu sanannen mawaƙi ne, kuma suna da takardun hukuma. To yau kusan wata biyu ke nan muryarsa a dishe, wani lokaci da safe ko fita ba ta yi. Malaminsu ya ce buɗewa take yi, ya ci gaba da waƙa, har ya ba shi wasu 'yan ƙwayoyi yana sha in za su yi wasa. Kakarsa kuma ta ce beli ne, a kai shi wurin wanzami. Hankalina a tashe yake. Yaya zan gane ko mutanen nan sun san abin da suke yi? Ko in cire shi?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Tun kafin mu taɓa maganar ƙungiya, daga yau ya daina waƙa, kuma kada aska ta kusanci bakinsa. Ƙwayoyin ki karɓe su, ki kai wa likita da ledarsu, ki faɗa masa tun yaushe yaron yake sha, kuma kullum ne ko jefi-jefi.

Takardun da kika ambata ba su burge ni ba. Tun 1984 ake da dokar ƙungiyoyi a Nijar, mai lamba 84-06: a rubuta ƙa'idoji, a jera sunayen 'yan biro, a miƙa wa hukuma, a jira izinin ma'aikatar cikin gida. Mutum zai yi watanni yana safa da marwa daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce hatimi bai zauna ba, gobe a ce kwafi bai cika ba, amma duk tsawon wahalar nan babu mai tambayarsa ko ya taɓa koya wa yaro baiti ɗaya. Takardar da aka rataya a bango shaida ce kawai cewa ƙungiyar tana nan. Abin da za ki bincika da kanki shi ne: wa ke riƙe da kuɗi? In shugaba shi ne ma'aji, ko ma'ajin ƙaninsa ne, to su ne kiɗa su ne rawa. In an kai yara biki, kuɗin liƙi ina suke shiga? Ana tashi kafin magariba? Akwai babbar mace a wurin in 'yan mata na nan? Sannan ki je wata rana ba tare da kin sanar ba, ki ce kin zo kallo. Wanda ya ba ki kujera da wanda ya tare ki a bakin ƙofa, kin dai ga bambanci.

Shaharar shugaba ma ba ta isa ba, don iya waƙa daban, iya koyarwa daban. Marigayi Malam Mamman Barka, haifaffen Tasker a jiharmu, malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurumi. A 2002, da sunansa da komai, ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna gaban tsoho Bukar Tar yana koyon biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar. Irin wannan mutum ya san zaman ɗalibi, ya san haƙurin aji. Akwai kuma cibiyar Elhaji Taya a Yamai da ke horar da makaɗa tun 1989. Ba aibi ba ne ki tambayi malamin ɗanki a ina ya koya, a hannun wa, kuma wa ya nuna masa yadda ake bi da muryar yara.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, wannan magana ta "murya tana buɗewa". Na ji ta a bakin mawaƙa, na ji ta a bakin masu studiyo, na ji ta har a bakin iyaye. Wai sai yaro ya yi ta kwarara ihu har murya ta mutu, in ta dawo sai ta dawo da ƙarfi. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta lalata muryoyin yara masu yawa.

A cikin maƙogwaro, daidai bayan zakaran wuya, akwai 'yan tantani biyu da iskar huhu ke kaɗawa, suna haɗuwa suna rabuwa. A babban namiji in yana magana suna bugun juna kamar sau 100 zuwa 120 a sakan ɗaya, a yaro ƙarami kuwa abin ya kan kai 250 zuwa 300. Kamar 'yar karan nan ce da mai algaita ke sa wa a baki, sai dai shi mai algaita in tasa ta tsage ya jefar ya ɗauko wata a aljihu, ɗanki kuwa tasa ke nan har tsufa. In aka matsa musu da ihu sai su kumbura, su kasa rufuwa daidai, iska ta riƙa zurarewa. Dishewar da kike ji ke nan. In aka ci gaba da waƙa a kan kumburin, sai wurin da suke gogar juna ya yi kanta, ƙulli biyu suna kallon juna, kuma wannan kantar ita ce kan gaba wajen jawo wa yara dishewa mai daɗewa. To ina buɗewa a nan?

Ga kuma shekarunsa. Tsakanin 12 da 15 maƙogwaron yaro namiji ke girma da sauri, muryarsa ta sauka kusan mataki takwas a fiyano. A wannan lokaci takan karye, ta yi sama ta faɗo ba shiri, abin da ya iya rerawa wata uku da suka wuce yau ya gagare shi. Malamin da ya san aikinsa yana jiran wannan lokaci tun kafin ya zo. Zai tsayar da yaron kusa da fiyano ya ce ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma da muryar hira, shi kuma yana lalube da yatsa har ya gano sautin da maganar ta zauna a kai, ya rubuta a littafi. Bayan 'yan makonni ya sake. In ya ga ta sauka, sai ya saukar masa da waƙar, ko ya maida shi cikin 'yan amshi, ko ya ba shi kalangu ko jita ya riƙe na wasu watanni. Ba zai fara aji ba sai an ɗumama murya da gunguni a hankali baki rufe, kuma za ki ga tulun ruwa a gefe, musamman da hunturu, lokacin da ƙura da busasshiyar iska ke ƙafar da maƙogwaro.

Kada wani ya ce mini wannan tsarin Turawa ne. A saurari tsofaffin faifan Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Damagaram: jagora ya jefa ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, shi ya numfasa kafin ya sake shiga. Yaran makaɗan fada kuma da ɗaukar ganguna suke farawa, su yi shekaru a amshi kafin a ba su gaba. Magabata ba su taɓa ganin cikin maƙogwaro ba, amma sun san ba a kai yaro inda muryarsa ba ta kai ba.

Me ya sa na yanzu ba sa haƙurin? Siririyar muryar yaro ita ke sa mata su tashi liƙi a biki, ita ke sa baƙin da suka kawo tallafi su ɗaga waya suna ɗaukar hoto. In aka ce ya huta wata biyu, wasanni nawa za a rasa? Shi ya sa laifin bai tsaya kan malami kaɗai ba, yana wuyan shugabannin da ke karɓar gayyata ba tare da sun tambayi halin da yaran ke ciki ba.

Ƙwayoyin da na saba tararwa a hannun irin waɗannan malamai iri biyu ne, kuma duka a tiren 'yan tallan magani ake sayensu. Na farko dekiza, wadda wasu mata ke sha don ƙiba. Tana sauke kumburi na ɗan lokaci, murya ta washe, yaro ya ɗauka ya warke ya sake buɗe maƙogwaro a kan rauni, har jijiyar jini ta iya fashewa a tantanin. In aka daɗe ana sha tana kumbura fuska, ta ta da sukari da hawan jini, ta raunana garkuwar jiki, ta tauye girman yaro. Wanda ya yi makonni yana shan ta kullum kuma ba a yanke masa ita rana ɗaya, likita ne ke rage ta sannu a hankali, dalilin da na ce ki faɗi gaskiyar yadda yake sha ke nan. Na biyu tiramol, wai don kada ya ji tsoron taro ko gajiya. Wannan ba sai na yi wa mutumin Damagaram bayani ba, mun ga samarin da ta kayar suna farfaɗiya a bakin titi. Babban mutum ya miƙa wa ɗan shekara 13 wannan don a samu a yi wasan biki, wallahi ko sunan malami bai cancanta ba.

Kaka ba da mugunta ta faɗa ba, a gaishe ta, amma beli ba shi da laifi a nan. Beli yana rataye ne a ƙarshen ganɗa, inda kowa ke hangowa in an buɗe baki, tantanin murya kuwa suna can ƙasa inda idon wanzami ba ya kaiwa. A yanke shi, dishewar tana nan, an ƙara masa zubar jini, ga haɗarin ƙwayoyin cuta da ciwon sarƙe haƙora daga ƙarfen da ba a dafa ba. Zuma da citta ba sa cutarwa, amma hanyar abinci suke bi, ba sa taɓa wurin. Kanwa kuwa a bar ta. Kuma kada ya koma raɗa da sunan hutu, raɗa ma tana matsa wa maƙogwaro. Ya rage magana, ya yi ta a hankali da muryarsa ta yau da kullum, ya sha ruwa sosai.

Ku kuma masu ƙungiyoyin nan, ku ji tsoron Allah. Iyaye sun ba ku 'ya'yansu ne don kun ce alheri kuke nufi, a garin da tuni wasu ke kallon kiɗa da wani ido. Duk yaron da kuka mayar wa uwarsa da mushen murya ko da ƙwaya a aljihu, kun rufe ƙofa ga yara goma da iyayensu ke shawarar kawowa, kun kuma jawo wa masu yi tsakani da Allah zagi.

Hajiya, dishewar da ta wuce mako uku zuwa huɗu ta likita ce, taku ta kai wata biyu. Ki nemi a tura ku wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa tantanin da idonsa. Daga nan ki je da mahaifinsa ko kawunsa ku sami shugaban ƙungiyar, ku ajiye ledar ƙwayar a gabansa, ku ji me zai ce. In ya dakatar da malamin ya kira taron iyaye, yaro na iya komawa ya riƙe kalangu har likita ya sallame shi. In ya fara kare shi, ku ɗauke ɗanku, ku sanar da sauran iyayen abin da kuka gani.