Amsa ga ƙanwarmu mai shirin tafiya karatu Ingila

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki cewa kin samu gurbin karatu a Ingila, an turo miki jadawalin tarukan makon sababbin ɗalibai, kina tunanin ko ki je ko ki yi zamanki a ɗaki saboda kin ji an ce shaye-shaye ne kawai. Allah ya sanya alheri. Ni a garin Leeds na yi karatuna, na sauka a watan Satumba na 2017, kuma shawarata ita ce ki je.

Wanda ya ce miki akwai shaye-shaye bai yi ƙarya ba. Tarukan dare kusan duk a mashaya ko gidan rawa ake yin su, waɗannan ban taɓa leƙawa ba. Tun kafin ki tashi ma za ki ga masu tallar tikitinsu a Facebook, wasu ba su da alaƙa da makarantar sam, kada ki tura wa kowa ko sisi. Amma jadawalin rana daban yake. Akwai zagayen nuna wuraren makaranta, akwai shan shayi da ake shirya wa baƙin ɗalibai, sannan akwai babbar ranar da ƙungiyoyin ɗalibai ke baje tebura kowa na neman mambobi. Wannan ranar ko ruwan sama ake kada ki bari ta wuce ki.

Na so in fasa zuwa a lokacin, don kwana uku ke nan ban yi magana da kowa ba sai Umma a waya. Da na shiga zauren, hayaniya ta sa na tsaya jikin bango riƙe da jakata. Wata yarinya 'yar Malesiya mai ɗan ƙaramin hijabi ruwan toka ta taso daga teburin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ta yi min sallama, ta tambaye ni ko na san inda ake sallah. Na ce a'a, a ɗakina nake yi. Ta bar teburin ta raka ni har masallacin makaranta, ta nuna min wurin alwalar mata, ta sa lambata a zaurensu na WhatsApp. A zauren nan na san inda ake sayar da naman halal, na san babban masallacin unguwar Hyde Park, na samu wadda ta kai ni kasuwar Kirkgate na sayo attaruhu da doya. Shekara uku muka yi tare da yarinyar nan, har yau muna gaisawa.

Abin da ya sa nake matsa miki shi ne, a makonni biyun farko kowa baƙo ne, har Turawan da suka zo daga wasu garuruwa, kowa neman abokin magana yake. Da an shiga Oktoba mutane sun riga sun haɗa kai. Ranar Lahadin ƙarshen watan kuma ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ki fito daga aji ki tarar da duhu da sanyi, ki koma ɗaki ba mai ce miki sannu. Na ga wata 'yar ƙasarmu da ta kulle kanta tun farko, wai karatu kaɗai ya kawo ta, kewar gida ta kama ta sosai har karatun ya so ya gagara.

Game da abin da kike tsoro, idan aka miƙo miki giya ki ce ba kya sha, yawanci ba mai ƙara tambaya. Ni idan namiji ya miƙo hannu sai in ɗora nawa a ƙirji in yi murmushi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauke shi da zafi ba. Inda za ki sa ido shi ne abincin kyauta, don a wannan makon rabonsa ake ta ko'ina. Fiza da yawa da naman alade a kai, wasu alewoyin masu taushi kuma da jelatin na alade ake yin su. Ki nemi wanda aka ware wa marasa cin nama, ko ki karanta jikin leda.

Ranar 1 ga Oktoba ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta yi bikin samun 'yancin kai. Yawancinsu 'yan kudu ne, kiɗa ya yi ƙarfi, na ɗan ji kamar ba wurina ba ne. Ina layin ɗibar dafa-duka na ji wata a bayana ta ce "wallahi yajin nan bai ji ba". Na juya da sauri, ashe 'yar Zariya ce. Sai da muka yi awa biyu a tsaye muna Hausa.

Ranar nuna al'adu kuma na sa atamfata, na dafa zoɓo da citta da kanumfari na kai. Mutane da dama sun yi mamakin jin cewa akwai Musulmi masu yawa a Najeriya, wasu ba su taɓa jin sunan Hausa ba. Na yi ta bayani har muryata ta dushe, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. Don haka ki sako atamfa ko leshi ɗaya a akwati, da busasshen zoɓo.

Daren 5 ga Nuwamba za ki ji ƙarar abubuwa kamar harbi ta ko'ina, kada hankalinki ya tashi. Wasan wuta ne na tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisarsu da aka yi a 1605. Ni ba wanda ya gaya min, sai da na kira 'yar Malesiyar nan jikina na rawa.

Azumin 2018 ya faɗo mana cikin jarrabawa, muna kai sama da awa 18 kafin a sha ruwa, kuma buɗe-bakin da muke haɗuwa mu yi tare a masallaci shi ya riƙe ni. Idan kin san garin da za ki, ki faɗa mana a nan, wataƙila akwai 'yar'uwa a zauren nan da za ta tarbe ki.