Winci, Janwe da Jigo: Amsar Tambayoyi Biyu

Wani direban tirela daga Funtuwa ya aiko da tambaya: "Malam, injin nan da ake jawo mota da shi idan ta faɗa kwazazzabo, muna ce masa winci. Hausa ce ko aro? Kuma shi ne janwe?"

Aro ce, ranka ya daɗe, daga Turanci, amma ta shigo ta ƙofar da 'yan'uwanta suka bi. Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, sai ya liƙa mata wasali, kamar yadda aka samu benci da inci da coci. Saboda haka kada kowa ya hana ka faɗar winci. Sai dai ka kula idan kana kudu, domin a bakin masu Turancin buroka wannan lafazi na nufin maye.

Janwe kuwa ita ce motar da ke jan motocin da suka lalace, gaba ɗayanta. Winci shi ne abin da ke girke a bayanta: ganga ce ta ƙarfe da ke juyawa tana naɗe waya ko sarƙa, kamar yadda kwarkwaron masaƙi ke naɗe zare. A gefenta akwai haƙoran ƙarfe da wani ɗan harshe mai faɗawa tsakaninsu. Shi ke yin ƙas-ƙas ɗin da kake ji a na hannu, kuma shi ke hana kaya komawa baya idan mai juyawa ya tsaya ya huta. A wurina wannan ɗan harshen ya fi komai daraja a jikin injin.

Na ji wasu na cewa a kira shi jigo, tunda da jigo kakanninmu ke ɗaga ruwa a lambu. Ban goyi bayan haka ba. Jigo sanda ce mai nauyi a gindi, tana sunkuyawa tana miƙewa, ba ta naɗe igiya, kuma iyakar ta tsawon sandarta. Winci kuwa, in dai waya ta kai, zai jawo.

Abin ya daɗe a duniya. Hirodotus, masanin tarihin Girka, ya ba da labarin cewa a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarkin Farisa Zarksis ya jera jiragen ruwa ya yi gada a mashigin Dardanel, wanda ke ƙasar Turkiyya a yau, aka ɗaure su da manyan igiyoyi, aka tamke igiyoyin da winci na itace. Yau shi ke ɗaga ƙugiyar jirgin ruwa, shi ke fito da ƙasa da ma'aikata daga ramin ma'adinai, shi ke sauke bututu a rijiyar burtsatse.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Maraɗi. Ta ce ɗalibanta sun ƙure ta: tunda mutum ɗaya na iya jawo mota da winci, ashe "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ta tashi aiki?

Malama, ki gaishe min da yaran nan, sun yi tunani. Da farko ki tabbatar sun san jinka, don da yawa ba su taɓa ganin ɗaurinta ba. A ƙasa ake haɗa tankar a baibaye ta da shuci, sannan a kira maƙwabta su kewaye ta, a ɗaga lokaci guda a ɗora bisa ginin ɗaki. Ba nauyi kaɗai ke sa a nemi jama'a ba. Faɗinta ma ya isa, in gefe ɗaya ya riga tashi sai ta karkace. Shi ma winci ba ya aiki shi kaɗai. Sai an sami bishiya ko wata mota mai nauyi da za a ɗaure shi, sai wani ya shiga ƙarƙashi ya maƙala ƙugiya, wani na riƙe da sitiyari.

Karin maganar da ta fi dacewa da shi ita ce "sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Ki yi musu lissafin a allo. Idan tsawon mariƙin juyawa santimita 40 ne, daga tsakiyar ganga zuwa bakinta kuma santimita 10, to ƙarfin hannu ya ninka sau 4: mai tura nauyin kilo 15 zai ɗaga kusan kilo 60. Amma kafin igiya ta matsa mita 1, hannunsa ya yi tafiyar mita 4. Ƙarfin da ya samu da lokaci ya saye shi. Idan aka ƙara giya, wato ƙafafu masu haƙora da ke juya juna, ƙarfin ya ƙaru, tafiyar ta ƙara yin sanyi.

Na dawo gare ka, direba, domin wannan ya fi maganar suna muhimmanci. Nauyin da aka rubuta a jikin winci na lokacin da waya ke kan sahun farko na ganga ne. Da ta yi ta hawa kan juna, ƙarfin jan na raguwa. Kuma idan waya ta tamke, kada ka bari yaran mota ko 'yan kallo su tsaya kusa da ita, balle su tsallake ta. In ta tsinke bulala take zama, tana iya karya ƙafa ko ta kashe mutum. Ku yafa mata bargo ko tamfol mai nauyi a tsakiya kafin a fara ja, kowa kuma ya ja baya fiye da tsawon wayar da aka warware.