Amsa: Me ya sa ake auna ƙarfen da ke cikin ƙwayar da aka kama?

Ɗan'uwa, ka ce me ya kawo binciken ƙarfe tunda an san kayan haram ne. Ai asalin kayan ake bi. Hodar iblis da sinadarin famanganet, mai ɗauke da ƙarfen manganis, ake tace ta, shi ya sa ake samun ɓurɓushin manganis a ciki. Ƙwayar hiroyin kuwa, farar ƙasa ake zubawa wajen fitar da mofin, sinadarin da ake haɗa ta da shi, daga ofiyom, wato ƙaron wani tsiro mai sa maye, sai ta bar ƙarfen kalsiyam.

A ɗakin gwaji akan narkar da ɗan ƙanƙanin samfuri cikin asid, na'urar ICP-MS, mai gano ƙarfe ko da ɗan kaɗan ne, ta auna kowane ƙarfe. In kamu biyu suka zo daidai, sai a yi zargin tukunya ɗaya ce. Zargi fa kawai, don dillalai kan yi gauraye a hanya, lissafin ya rikice.