Wa Ya Ƙirga Shekarun Sararin Samaniya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8. Babu wanda ya ga farkonsa, to ta ina masana suka samo wannan adadi? Ko dai shaci-faɗi ne?

Amsa: Lissafi ne na komawa baya, ɗan'uwa. In ka san gudun mota, ka san nisan da ta yi, ai za ka iya faɗin ƙarfe nawa ta tashi ko da ba ka je rakiya ba.

A shekarar 1929 Edwin Hubble, mai binciken taurari a Amurka, ya nuna cewa manyan tarin taurari da ake kira galaksi suna nisantar mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Daga haskensu ake gane gudun, don yana karkata zuwa ja. Georges Lemaître, wani limamin cocin Katolika ɗan Beljiyam, ya riga shi hango haka tun 1927. Sai a raba nisa da gudu, a samu lokacin da komai yake dunƙule wuri guda.

Amma lissafin farko ya ba da kunya. Ya ce shekara biliyan 2 ne kacal, alhali duniyarmu kanta ta kai biliyan 4.5. Yaushe ɗa ya girmi uwarsa? Ashe kuskuren yana wajen auna nisa ne, kuma Walter Baade ya gyara babban ɓangarensa a 1952.

Wata matsalar kuma, motar nan, wato faɗaɗar sararin samaniya, ba gudu ɗaya take yi ba. Da farko janyowar abubuwa ga junansu ta riƙa rage mata gudu, daga baya kuma ta ƙara wuta, kamar yadda aka gano a 1998. A nan wani tsohon haske ya yi rana. Arno Penzias da Robert Wilson sun ci karo da shi a 1964, wata ƙara a na'urarsu da ta ƙi ɓacewa, har suka zargi kashin tattabaru. Haske ne da ya fito shekara 380,000 bayan Babbar Fashewa, wato lokacin da komai ya fara bazuwa daga wuri guda, yana zuwa daga ko'ina. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Planck, wanda aka harba a 2009, ya auna ɗigo-ɗigon bambancin zafinsa, daga nan aka san abin da sararin ya ƙunsa da yadda gudunsa ya sauya. A 2013 aka fitar da biliyan 13.8.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne shaidar tsofaffin taurari. Da wata hanya daban ake auna su, ta duba yadda suke ƙone iskar da ke cikinsu, sai ga shi suna faɗawa wajen shekara biliyan 12 zuwa 13, kusa da adadin can.

Akwai sauran gardama kan gudun faɗaɗar na yanzu. Planck ya ba da kusan 67, masu auna galaksi na kusa suna samun kusan 73 a ma'auni guda. In na biyun ne daidai, shekarun za su ɗan ragu.