Ƙanena matuƙin jirgi ne a Amurka: me ya sa yake zaman ɗaki alhali ba ya tuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu aikin mataimakin matuƙi a wani kamfanin ƙananan jiragen fasinja a Amurka, watansa biyar ke nan. Iyalinsa suna Atlanta, kamfani kuma ya ajiye shi a Shikago. Ranar sunan 'yarsa bai je ba, ya ce yana cikin kwanakin jiran kira. Daga baya muka ji cewa cikin kwana biyar ɗin sau ɗaya kawai ya tashi da jirgi, sauran a ɗakin haya ya yi su. Ga shi Hajiyarmu tana kira daga Kano ba ya ɗauka, sai ya ce lokacin hutunsa ne na doka. Ranta ya sosu ƙwarai. Shin haka aikin yake, ko dai uzuri ne yake kawo mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanenki gaskiya ya faɗa muku. Kwanakin nan huɗu da bai tashi ba kwanakin aiki ne cikakku, ana biyansa a kansu, kuma da ya bar gari a cikinsu da ya sa abincinsa a kasada.

Jirgi ba ya jiran matuƙi ya warke daga mura. Kullum sai an sami wanda ya kwanta rashin lafiya, ko wanda guguwar ƙanƙara ta tsare a wani gari, ko wanda awoyinsa na doka suka ƙare kafin a kai ga tashi na ƙarshe. Don haka kowane kamfani yake ware wasu matuƙa ya ce su zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Wa za a ba wannan zama? A Amurka kusan komai na rayuwar matuƙi yana rataye da ranar da aka ɗauke shi aiki. Kowane wata ana zaɓen jadawali bi da bi, daga mafi daɗewa zuwa na baya-bayan nan. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Tsofaffin hannu su kwashe jadawalin da aka san ranakunsa, da hutun ƙarshen mako, da garin da suke so. Ɗan wata biyar sai abin da ya rage, wato jiran kira, a garin da aka tura shi.

Abubuwa biyu ne ke mulkin wannan zama, kuma mutane suna yawan haɗa su wuri ɗaya. Akwai dokar gwamnati, Sashe na 117 na ƙa'idojin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wanda ya fara aiki a ranar 4 ga Janairu 2014. Akwai kuma yarjejeniyar da ƙungiyar matuƙa ta ƙulla da kamfani, yawanci ƙarƙashin ALPA, babbar ƙungiyar matuƙa jiragen sama da aka kafa tun 1931. Doka tana shata iyakar da ba a ƙetarewa. Yarjejeniya kuwa ita ke faɗin kuɗi, da kwanakin hutu, da tsawon lokacin da za a ba mutum ya iso filin jirgi.

Jiran kiran kansa iri uku ne. A dogon kira, ana sanar da matuƙi aikinsa tun kafin ya shiga hutun awa 10, kuma idan aikin zai fara da dare ya ratsa cikin tsakar dare, daga ƙarfe 2 zuwa gab da 6 na safe, lokacin da jikin ɗan Adam ya fi neman barci, sai an ba shi sanarwar awa 12. Mai irin wannan yana iya zama a gidansa idan akwai jiragen da za su kawo shi kan lokaci. Akwai kuma zaman filin jirgi, inda mutum yake sanye da kayan aiki, jaka a gefe, a ce masa tashi ya tashi. Wannan kowane mintinsa ana lissafa shi cikin awoyin aikin tuƙi. Na tsakiyarsu shi ne gajeren kira, kuma daga yadda kika kwatanta, shi ƙanenki yake yi.

A gajeren kira ana yanka masa wani tsakani a rana, wanda doka ta ce kada ya wuce awa 14. A ce daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 7 na yamma. Cikin wannan tsakani wayarsa tana hannu, caji a cike, ba ya shiga inda babu sabis. Idan ofishin rabon aiki ya kira bai ɗauka ba, 'yan mintuna ake ba shi ya mayar da kiran. Daga nan agogo ya fara: a kamfanoni da yawa kusan awa 2 ne zuwa ya bayyana a filin jirgi. Wannan awa biyun babu shi a dokar FAA, yarjejeniya ce ta kawo shi, shi ya sa yake bambanta daga kamfani zuwa kamfani. To ki auna: tsakanin Atlanta da Shikago tafiyar kusan awa biyu ce a sama kaɗai, ban da neman kujera da binciken tsaro. Ba yadda za a yi yana wajen suna a kira shi ya iso. Abin da ya sa ke nan sababbin matuƙa suke haɗa kuɗi su kama gida kusa da filin jirgi, su jera gadaje masu hawa biyu, kowa da jakarsa, suna jiran waya. Ba zaman daɗi ba ne ko kaɗan.

Kuma a shekarar farko mutum yana gwaji ne. Kira ɗaya da aka neme shi ba a same shi ba yana shiga fayil ɗinsa, kuma kariyar da ƙungiya take ba tsofaffin ma'aikata idan an zo korarsu ba ta gama rufe shi ba tukuna.

Doka ta kuma hana a shanya mutum yana jira tun asuba sannan a ba shi tuƙi har tsakar dare. Idan matuƙa biyu ne kawai a jirgi, jira da aiki a haɗe ba sa wuce awa 16, wani lokaci ma ƙasa da haka, kuma daga farkon jiran ake ƙirgawa. Wanda ya fara jira ƙarfe 5 na asuba, aka kira shi ya zo ƙarfe 12 na rana, dole a tsara aikinsa ya ƙare zuwa ƙarfe 9 na dare, ko da yake da a ce da tsakar rana ya fara ranarsa da zai iya kaiwa ƙarfe 1.

Ta fannin kuɗi, ba a barinsa hannu biyu. Yarjejeniyoyi suna lamunce wa mai jiran kira albashin wasu awoyi a wata, sau da yawa wajen 75, ko ya tashi ko bai tashi ba.

Yanzu batun wayar Hajiya, wanda ya fi damuna a wasiƙarki. Kafin matuƙi ya shiga jira ko tuƙi, dole ya sami hutun awa 10 a jere, kuma cikinsu a sami damar barcin awa 8 ba yankewa. Cikin kowace awa 168, wato mako guda, dole a sami awa 30 a jere da ba a ɗora masa komai ba. Kafin kowane tashi kuma sai ya tabbatar a rubuce cewa yana da kuzarin aiki. Idan bai sami barci ba, wajibi ne ya faɗa a cire shi. Waɗannan ƙa'idoji da rayukan mutane aka saye su. A daren 12 ga Fabrairu 2009, jirgin kamfanin Colgan mai lamba 3407, wanda ya taso daga birnin Newark, ya faɗa kan wani gida gab da birnin Buffalo a jihar New York. Mutum 50 suka rasu, 49 a cikin jirgi, ɗaya a ƙasa. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan yadda kyaftin ya mayar da martani lokacin da jirgin ya rasa gudu, amma abin da suka tono game da rayuwar matuƙan biyu ya girgiza Amurka. Mataimakiyar matuƙin tana zaune ne a yankin Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma cikin dare ta ratso ƙasar a jiragen kaya don ta iso wurin aiki. Kyaftin ɗin daga Florida yake zuwa. Iyalan mamatan suka yi ta zarya a majalisa har aka yi dokar 2010, wadda ta haifi Sashe na 117 da sharaɗin awa 1,500 na tuƙi kafin a ɗauki mataimakin matuƙi.

Amma akwai ramin da dokar ba ta cike ba, kuma a nan ne iyali suke da hannu. Tafiyar matuƙi daga gidansa zuwa garin aiki ba a lissafa ta aiki. A takarda hutu ne. Da ƙanenki ya biye wa kunya da matsin dangi, ya kwana wajen hidimar suna, ya biyo jirgin asuba ya shiga jira, takarda za ta nuna ya huta, alhali idonsa bai runtsa ba, ga mutum saba'in a bayansa. Ni a wurina, ƙin yin haka da ya yi abin yabo ne, kuma ina roƙon ki isar wa Hajiya da wannan cikin lalama. Kano tana gaban Shikago da awa 6 a lokacin zafinsu, awa 7 da hunturu. Kiran da ta yi da hantsi, ƙarfe 9, yana samunsa ne ƙarfe 2 ko 3 na dare, ana saura ƙiris jiransa ya fara.

Mafita tana cikin jadawali. Yakan san kwanakin hutunsa na wata mai zuwa tun kafin watan ya kama, kuma a yawancin kamfanoni sukan kai wajen 11 ko 12. Ki ce ya riƙa turo muku su, a tsayar da lokacin gaisawa da Hajiya a cikinsu. Abin da aka san ranarsa, kamar ɗaurin aure, ya nemi hutun tun wajen zaɓe, ko ya yi musaya da abokin aiki. Suna da Sallah sun fi wuya, tunda haihuwa da ganin wata ba sa bin jadawalin kamfani. Yayin da ake ɗaukar sababbi a bayansa zai hau sama, ya sami jadawali tsayayye, wataƙila ma ya nemi a mayar da shi garin da ya fi kusa da iyalinsa idan kamfanin yana ajiye matuƙa a can. Ki dai shirya Hajiya tun yanzu: ranar da aka ƙara masa girma ya zama kyaftin, zai koma ƙasan jerin kyaftin-kyaftin, kuma da alama zai sake komawa jiran waya na wani lokaci. Allah Ya raya jaririya, Ya tsare shi a tashi da sauka.