Tambaya da Amsa: Manhaja Dunƙule ko a Rarraba Ta?

TAMBAYA: Malam, mu uku ne muke gina wa wata ƙungiyar manoman shinkafa manhaja a nan Argungu, domin awon buhuna, bashin taki da biyan kuɗi. An ce mana tsarin dunƙule ya tsufa, yanzu sai maikurosabis. Haka ne? Daga mai karatu a Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA: Ɗan'uwa, kada wannan magana ta ɗauke muku hankali. Da can manhaja dunƙule ake gina ta, kod (rubutun umarnin kwamfuta) ɗaya, rumbun bayanai ɗaya, saba (kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta) ɗaya. Sai kamfanoni irin su Amazon da Netflix suka bunƙasa, ɗaruruwan injiniyoyi suna taka ƙafar juna a kod ɗaya, suka ga dole su raba ta ƙananan sassa masu magana da juna ta intanet, wato maikurosabis. Kayan aikin tafiyar da irin waɗannan sassa suka samu, Docker ya fito a 2013, Kubernetes a 2014, rarrabawar ta yi sauƙi, kowa ya rungume ta. Amma cunkoson ma'aikata ne ta zo ta magance, ku kuwa ku uku ne.

Ga abin da rarrabawa ke jawowa. Manomi ya kawo shinkafa, za a cire bashin takinsa a biya shi ragowar. A rumbu ɗaya, ko duka biyun su shiga ko babu wanda ya shiga. In kowane sashe na da rumbunsa, ana iya biyansa kuɗi alhali bashin na nan daram, don saƙo ya maƙale a hanya. Ko a Amazon, a 2023 injiniyoyin Prime Video, sashensa na kallon fina-finai, sun bayyana cewa sun mayar da tsarinsu na duba ingancin bidiyo dunƙule, kuɗin tafiyar da shi ya ragu da kashi 90 cikin 100.

Ku gina dunƙule mai sassa uku, awo, bashi da biya, a kan rumbun bayanai na PostgreSQL. Kowane sashe ya riƙe teburan bayanansa a cikin rumbun, wani kada ya taɓa su sai ta ƙofar da aka tanada. A kwafi rumbun kullum, sannan a riƙa gwada dawo da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne sabis ɗin waya. Mai awo yana bakin fadama, layi na zuwa yana ɗaukewa. Ku sa SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai, a wayarsa, ya rubuta komai ko babu data, a tura daga baya. Kowane awo ya samu lambar shaida tasa tun daga wayar, saba kuma ta ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. In ba haka ba, wayar ta tura, amsa ba ta dawo ba, ta sake turawa, buhu 40 ya koma 80 a littafi. Kada ku riƙa goge jimillar bashi kuna rubuta sabuwa. Ku adana kowace shigarwa da ranarta da mai shigar da ita, manhaja ta fitar da jimilla daga cikinsu.